Baƙin da Ba Sa Sallama

A zamanin fatauci ba a yanka wa baƙo kuɗin ɗaki. Falke in ya kora jakunansa zuwa Gwanja sayen goro, ko ya gangara da shanu Sabon Ibadan, gidan fatoma yake sauka. A ba shi ɗaki, a kai masa tuwo, a adana masa kuɗi, a nemo masa mai saye, ba wanda zai ƙirga masa kwana. Ba wai fatoma waliyyi ba ne. Ribarsa tana cikin la'adar cinikin da za a ƙulla ta hannunsa. Masanin zamantakewar nan Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo ya fitar da littafi a kansu a 1969, ya nuna yadda kasuwar shanu da ta goro a Ibadan suka dogara kacokan ga amanar waɗannan masu masauki. Falke kuma ba ya gudu da haƙƙin mai masaukinsa, don ya san labari ya fi jaki sauri: in ya ɓata a zango ɗaya, kafin ya isa na gaba sunansa ya riga shi.

Otal ba haka yake ba. Mai otal bai san abin da ya kawo ka gari ba, ba shi da ko kwabo a cinikinka, wataƙila ma ba zai sake ganinka ba har abada. Hajarsa guda ce, wato dare, ita kuwa wannan haja ba a mayar da ita. Wanda ya ɗauki shadda bai biya ba ana iya binsa gida a karɓo. Barcin da mutum ya yi jiya, ko alƙali bai isa ya ƙwato shi ba. Ta wannan kafa wasu bayin Allah suke shiga. Mafi yawansu mutanen kirki ne a unguwarsu, ko allura ba za su ɗauka a kasuwa ba, amma da zarar an miƙa musu mabuɗin ɗaki sai wata ƙwaƙwalwa ta daban ta fara aiki. Duk wanda ya shekara a bayan kantar karɓar baƙi ya san su gida-gida.

Mai Fita Sallar Asuba

Ya iso da ƙaton akwati mai kwaɗo biyu, sai da yara biyu suka kama masa. Daren farko ya biya lakadan, bai nemi ragi ba. Na biyu ya ce a rubuta. Na uku ya ce in an jima. Hankalin manaja kwance, domin kullum mai gyaran ɗaki tana kawo rahoton cewa akwatin nan yana nan a gindin gado, kuma mai irin wannan kaya ba ya gudu. Ran da sati ya cika, da assalatu, sai ga shi ya sauko cikin jallabiya da silifas, carbi a hannu, darduma a kafaɗa.

"Baba maigadi, an tayar a masallacin can kuwa?"

"Yanzu za a tayar, Alhaji, ka ɗaga ƙafa. A saka mu a addu'a."

"In sha Allahu, Baba."

Wa zai tare mai zuwa masallaci ya tambaye shi kuɗin ɗaki? Har yau ba a idar da wannan salla ba. Da aka gaji da jira, aka kira ɗan sanda ya zama shaida, aka fasa kwaɗo: bulo biyu nannaɗe cikin tsofaffin jaridu, da takalmi wari guda, da tsumma don kada su yi ƙara. Dokar masu masauki ta Ingila ta 1878 ta ba mai otal ikon yin gwanjon kayan baƙon da ya bar bashi in an yi sati shida. Masu dokar ba su kawo bulo a lissafinsu ba.

Kada a ɗauka wannan hikima ta ƙananan mutane ce. Nikola Tesla, gwanin lantarkin nan da kamfanin motoci ya ari sunansa, ya yi fiye da shekara 40 yana zaman otal a birnin New York, yana tashi daga wannan ya koma wancan ya bar bashi. Na Waldorf-Astoria sai da ya kai shi ga miƙa musu takardar filin da ya gina hasumiyar gwajinsa a 1915. A otal ɗin Governor Clinton kuwa wani ƙunshi ya bar musu jingina, ya ce makami ne mai tsada da haɗari, kada wanda ya kuskura ya buɗe. Bayan mutuwarsa a 1943 aka turo wani farfesa, John Trump, baffan Donald Trump, ya buɗe a ɗarare. Tsohon akwatin awon lantarki ne, irin wanda ake samu a kowane ɗakin gwaji. Bulo ne dai shi ma, amma na masu ilimi.

Alhaji Alat-na-Hanya

Kakan wannan shi ne mai cak ɗin bogi, wanda ya addabi 'yan kasuwa har gwamnatin soja ta kafa doka a 1977 ta yanka wa mai wannan hali ɗaurin shekara 2. Jikan ya fi kakan sa'a. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da har mai shayi ya koma karɓar taransfa, ya samu abokin tarayyar da ba a iya kai wa sammaci: netwok.

Ƙarfe 7 na safe, mota tana kunne a bakin ƙofa, direba ya riga ya loda kaya. Alhaji ya tsaya gaban yarinyar da ta kwana a kanta, ya ɗaga mata waya.

"'Yata, ga shi na tura. Kin gani ko? An cire min."

"Na gani, Alhaji, amma bai shigo mana ba tukuna. Don Allah a ɗan zauna, a kawo maka shayi."

"Zama? Jirgina ƙarfe tara ne. Bankinku ne ba shi da kyau, ni nawa ya fita. Ko so kike in biya sau biyu?"

"A'a, ranka ya daɗe, ba haka nake nufi ba."

"Na yi miki kama da wanda zai gudu da dubu sittin? Hular da ke kaina ta fi haka. Rubuta lambata. In bai shigo ba zuwa azahar, ki kira ni."

Ta rubuta. Ta dubi furfurarsa, ga shi sa'an mahaifinta, bakinta ya yi nauyi. Hoton da ya nuna mata kuwa, ko dai na wani tsohon biya ne aka gyara wa kwanan wata, ko wata manhaja ce ta ƙera shi. Lambar, da aka kira bayan azahar, wata baiwar Allah ce ta ɗauka daga wani ƙauye tana rantsuwa ita ko ƙofar otal ba ta taɓa gani ba. Alhaji ya san abin da yake yi: da tarbiyyar da iyayen yarinyar suka yi mata, cewa ba a ƙaryata babba, da ita ya biya kuɗin ɗaki.

Ka-San-Ko-Ni-Waye

Shi bai taɓa cewa ba zai biya ba. Cewa yake wani zai biya. "Gidan gwamnati ne suka ce a sauke ni." "Ofishin Honarabul za su aiko." Kakarsa ita ce lokacin zaɓen fid da gwani, sa'ad da otal-otal na Abuja da Kaduna suke maƙare da wakilai, kowa yaron wani ne, manaja kuma ba ya so ya ɓata wa wanda gobe zai iya zama kwamishina. Wayoyinsa biyu, kullum ɗaya tana kunne, kuma duk sanda ya zo gilmawa ta gaban kanta sai a ji yana cewa, "Ranka ya daɗe, ga ni nan tafe." Hannunsa a sake yake: maigadi dubu, mai kawo abinci dubu biyu. Wannan kyauta jari ce. Mutumin da ke ba da tukuicin dubu biyu a kan kofin shayi, wane mara kunya ne zai tayar masa da maganar kuɗin sati uku? Ran da ɗan takararsa ya sha ƙasa, a nemi mutum a rasa, ofishin Honarabul kuma su ce ba su taɓa jin sunansa ba. In ɗan takarar ya ci, abin ya fi muni, domin yanzu ba wanda ya isa ya tambaye shi.

Sarauniyar wannan gida ita ce Anna Sorokin, haifaffiyar Rasha, 'yar wani direban babbar mota, wadda ta shiga New York da sunan Anna Delvey ta ce ita magajiyar attajiran Jamus ce, dukiyarta tana can Turai ana shirin sako mata. Tana raba wa ma'aikatan otal takardar dala 100 tukuici, tana sheƙe ayarta a ɗakunan alfarma ba tare da katin banki mai aiki ba. A 2019 kotu ta same ta da laifi, aka yanke mata ɗaurin shekara 4 zuwa 12. Netflix suka sayi labarinta a kan dala 320,000, mafi yawan kuɗin kuma suka tafi wajen biyan diyya da tara. Namu na gida sai su yi haƙuri, Kannywood ba ta da irin wannan kuɗi.

Mai Gayya

Ɗakin mutum ɗaya ya kama, ya biya cif, ba wanda zai ce masa ɓarawo. Biki ne ya kawo shi gari. Da magariba ƙaninsa ya zo gaishe shi. Bayan isha'i abokai uku suka zo gaishe da ƙanin. Maigadi yana ƙirga masu shiga yana jiran masu fita har gyangyaɗi ya ɗauke shi. A ciki an sauke katifa ƙasa: biyu a kanta, biyu a kan katakon gado, ɗaya a kan labulen da aka ciro aka shimfiɗa. Wayoyi goma sha ɗaya suna layi a soket biyu. Ruwan zafi ya ƙare tun a kan mutum na uku. Da safe takardar karin kumallo ta mutum ɗaya ce, amma an yi mata tsari: ɗaya ya sauka ya ci, ya tula faranti ya hau da shi "zai ƙarasa a ɗaki", can kuma wani ya sauko sanye da hular na farko ya ce shi bai karya ba.

Reshen mata na wannan gida ya fi iya shiri. 'Yan rakiyar amarya sukan shigo da ƙaramin gas a cikin bakko, a dafa taliya a banɗaki, gwaggo ta shanya zani a kan talabijin, a yi ƙunshi a kan farin zanin gado, a goge lalle da farin tawul. Duk wanda ya san lalle ya san wannan tawul ya gama aiki.

In manaja ya yi magana: "Haba manaja! Ɗakin na biya ko ban biya ba? So kake in kori 'yan'uwana su kwana a titi?" Karamcinsa na gaske ne, abin a yaba. Matsalar kawai, da dizal ɗin wani da ruwan wani da ƙwan wani yake yinsa.

Likitan Firij

Ɗan firij ɗin nan na gefen gado, otal ɗin Hilton na Hong Kong ne ya yaɗa shi da ya saka shi a ɗakunansa a 1974, tun daga nan kuma ake yaƙi tsakanin masu otal da ƙishirwar tsakar dare. Likita ya ƙware a tiyata. Yana iya kwance murfin gorar ruwa ba tare da zoben ya tsinke ba, ya shanye, ya cika ta da ruwan famfo, ya mayar mazauninta. Gwangwani ta ƙasa yake huda shi, ya tsotse, ya jera shi a sahun baya. Baƙon da ya biyo bayansa shi zai biya kuɗin ruwan gora ya sha ruwan tanki, ya kwana yana zarya. Saboda Likita ne manyan otal-otal suka kawo firij mai rubuta kuɗi da zarar an ɗaga kwalba, ƙananan kuma suka kwashe komai suka bar wa kowa firij fanko.

Yana da ƙane wanda shari'arsa ta fi wuya. Shi wannan ya sha Maltina da dare, da safe ya leƙa shagon bakin titi ya sayo irinta da araha ya mayar. Ba algus, ba ruwan famfo, abin da ya ɗauka shi ya ajiye. Sai dai abin da ya saya ƙarfe biyun dare ya haɗa da sanyinta, da samunta a gefen gado lokacin da kowane shago yake rufe, farashin kuma a rubuce yake kafin ya buɗe firij ɗin. Mafita ba ta da nisa: ya sauka ya ce, "Na sha ɗaya, ga madadinta, ya isa ko in biya?" Galibi dariya za a yi a ce ba komai. Wannan shi ne ma'aunin da ya dace da duk mutanen da ke cikin wannan jeri. Abin da za ka iya faɗa da bakinka a gaban kanta, ciniki ne. Abin da sai ka ɓoye, kai ma ka san sunansa.

Mai Tsaraba

Akwai abin da otal ya ajiye don ka tafi da shi: ɗan sabulu, ɗan man wanke gashi, biro mai sunan otal. An riga an sa kuɗinsu cikin na ɗaki, mai otal ma murna yake sunansa ya shiga gidanka. Mai Tsaraba ya fahimci wannan ƙa'ida, sai ya faɗaɗa ta. Tawul. Zanin gado. Rigar filo. Butar dafa ruwa. Batirin rimot, ya musanya da matattun da ya taho da su daga gida. Ƙwan lantarki ma haka. Har da dardumar da aka ajiye a durowa, wadda zai je ya riƙa tsayuwar dare a kanta yana roƙon Allah ya tsare shi da cin haram.

In ka ziyarce shi ka shiga banɗakinsa, za ka san duk garuruwan da aiki ya kai shi: ga tawul ɗin Jos, ga na Sakkwato, ga na Legas, ga na Makka wanda ya ce don albarka ya ɗauko. Saboda shi ne abin rataye riga na otal ba shi da ƙugiya, sai wani ɗan ƙarfe da ba ya aiki ko'ina sai a durowarsu. Saboda shi aka ɗaure talabijin da bango, wasu otal-otal ma suke ɗinke 'yar na'urar bibiya a gefen tawul. A 2003 kamfanin Holiday Inn ya gaji, ya shelanta ranar afuwa ga duk wanda ya taɓa ɗauke masa tawul: riƙe abinka, ba mu labarin yadda aka yi kawai. A 2012 Waldorf-Astoria ya roƙi jama'a su dawo da cokula da kwanukan azurfar da kakanninsu suka "tsinta", ba tambaya ba tuhuma. An kuwa dawo da su. Ashe cokalin sata yakan fi wanda ya ɗauke shi daɗewa a duniya, jikoki su gaji kunyar.

Mai Ƙorafin Bayan Ƙoshi

Ya ci, ya sha, ya yi wanka safe da yamma, ya kwana biyu. Ran tafiya sai ya tuna esi ba ya sanyi, katifa ta sa masa ciwon baya, kuma ya ga kyankyaso. Gwanayen cikinsu da kyankyasonsu suke tafe a kwalin ashana. Wasu kuma gashi guda suke ajiyewa a lomar ƙarshe ta shinkafa, bayan naman ya riga ya wuce. Ya ɗauki hoto, ya jira sai sababbin baƙi suna cike takarda a kanta, sannan ya ɗaga murya: "Mabiyana dubu hamsin a Facebook. Wallahi yau sai duniya ta ji!" Manaja ya yi lissafi, ya ga yafe dare ɗaya ya fi araha.

A nan fa sai an yi adalci, don masu otal ma ba mala'iku ba ne. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin da aka kashe wa inji ƙarfe 12 na dare cikin zafin Afrilu, bayan an rantse masa akwai wuta har safe, ya san haka. Akwai hoton da ake sawa a intanet na ɗakin da ba shi za a ba ka ba. Akwai harajin VAT na kashi 7.5 da kuɗin hidima da ba a ambata sai ran tafiya. Wanda aka yi wa haka yana da cikakken haƙƙin ya nemi ragi, ko canjin ɗaki, ko a mayar masa da kuɗinsa ya kama gabansa. Ana gane su ne ta lokaci. Mai gaskiya a daren yake saukowa, gumi na tsiyaya, ya ce a gyara ko a sallame shi. Ɗayan kuwa sai an kawo lissafi ciwonsa ke tashi.

Mai Agogon Kansa

Ƙa'idar kusan kowane otal a bar ɗaki ƙarfe 12 na rana, don a samu sararin gyara wa mai zuwa. Ƙarfe 12 aka buga masa waya: yana wanka. Ƙarfe 1: bari ya yi azahar. Ƙarfe 3: ya zare wayar ɗakin daga bango. Ƙarfe 4: ai la'asar ta riga ta yi. Da magariba ya sauko ya dage cewa kwana ɗaya ya yi, tunda barci ɗaya ya yi.

Sarkinsu ma a New York yake. A 2018 wani mutum ya biya kimanin dala 200 na dare ɗaya a otal ɗin New Yorker, inda Tesla ya ƙare rayuwarsa, sannan ya zaƙulo wata tsohuwar dokar haya ta birnin ya ce a ba shi haya ta wata shida. Aka kore shi, ya kai ƙara, lauyoyin masu ginin ba su halarci zaman ba, alƙali ya ce a mayar masa da mabuɗi. Shekara 5 ya yi bai ƙara biyan sisi ba. Hakan bai ishe shi ba, sai ya shigar da takardu cewa ginin gaba ɗaya nasa ne. A 2024 aka kama shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Mai Rasit Biyu

Wannan bai zo cutar otal ba, so yake otal ya taya shi cutar ofishinsu. Ma'aikaci ne aka turo taron bita na kwana uku. Ya kwana ɗaya a ɗaki mafi araha, sauran biyun a falon wani ɗan ajinsu, sannan ya jingina da kanta ya rage murya: "Ɗan'uwa, rasit ɗin nan a rubuta kwana uku, babban ɗaki. Akwai na goro." Wani ma bai kwana ba sam, rasit ɗin kawai ya zo saye. In yaron kanta ya ƙi, ya girgiza kai ya ce masa da wannan hali ba zai yi arziki ba. A motar komawa gida kuwa, ba wanda ya kai shi zagin ɓarayin shugabanni.

Muftin Kansa

Mafi yawan waɗanda aka ambata, in an ritsa su sukan sunkuyar da kai. Wannan kuwa hujja gare shi, har guda huɗu. Masu otal ɗin nan ɓarayin gwamnati ne, da kuɗinmu suka gina. Ana sayar da giya a ƙasa, don haka dukiyarsu ba ta da alfarma. Ɗakin ai ko ba ni haka zai kwana ba kowa, me suka rasa? Kuma baƙo ai haƙƙinsa kwana uku ne.

A ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. In mai otal ɓarawon gwamnati ne, wannan aikin EFCC ne, kuɗin da ka hana kuma ba baitulmali suka koma ba, aljihunka suka koma. In giya ce ta dame ka, lokacin ƙyama shi ne kafin ka karɓi mabuɗi, ba bayan ka gama munshari a katifarsu ba. Ɗakin da ya kwana ba kowa ba ya shan dizal, ba ya ƙarar da ruwa, ba a wanke masa zanin gado. Hadisin liyafar kwana uku kuwa, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, a kan wanda ya sauka gidan mutum yake magana, kuma shi kansa ya hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida. Abin da ke tsakaninka da otal ijara ce, babin da duk ɗan makarantar zaure ya karanta a Risala: an faɗi kuɗi, an faɗi lokaci, ka amince, ka mora. Wani hadisin ma ya kira jan ƙafar mai hali wajen biyan bashi zalunci. Jan ƙafa ke nan kawai, ba a zo maganar gudu ba.

Amma babban kuskuren Mufti shi ne zaton da yake yi cewa mai otal ya cuta. Mai otal yana can Abuja ko Dubai, ko labarin bai ji ba. A otal-otal da yawa, musamman ƙanana da matsakaita, duk abin da ya salwanta a lokacin aikin ma'aikaci daga albashinsa ake cirewa. Tawul ɗin Mai Tsaraba, mai gyaran ɗaki ce ta biya. Gorar Likita, yaron da ke cika firij ne. Sallar asubar nan da ba a idar ba, Baba maigadi ne ya rasa aikinsa a kanta, shi da ya roƙi a saka shi a addu'a. Mafi ƙarancin albashi a dokar ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne, kuma ba kowane otal ke kai shi ba. Dubu sittin ɗin da Alhaji ya ce hularsa ta fi, wata guda ne na yarinyar tana kwana a tsaye.

Ragowar kuma mu ke biya. Saboda waɗannan mutane ne yanzu ba a ba ka mabuɗi sai ka biya duka, ka ɗora kuɗin ajiya a kai, a kwafi katin shaidarka. Saboda su ne ake tsayar da dattijo mai mutunci a gaban kanta, jaka a hannu, ana buga waya sama ana cewa a duba ɗakinsa, shi yana jin ana ƙirga masa tawul. Wake ɗaya ke ɓata gari, mu kuwa namu waken ya kai tiya.

Malamai sun ce haƙƙin ɗan Adam ba istigfari kaɗai ke wanke shi ba, sai an mayar ko an nemi yafiya. An yi sa'a, a wannan babin mayarwa ba ta da wahala. Mai Tsaraba ya wanke tawul ya sa a leda ya ba direban tasha. Mai Asuba ya nemi inda Baba maigadi ya koma. Alhaji kuwa ba sai ya nemi komai ba, lambar asusun otal ɗin tana nan cikin wayarsa, tunda da ita aka haɗa hoton. Ya koma, ya tura, ya ɗora wa yarinyar abin da aka yanke mata, wannan karon kuma ya zauna ya sha shayin har alat ɗin ya shigo.